Ku Kifa Farantin Tukuna

To, 'yan gardama, ku matso kusa. Na san wasunku sun riga sun taɓe baki suna cewa, wane mai hankali ne zai zauna ya yi jabun farantin tangaran, abin da yaro ke fasawa a ce Allah ya kiyaye gaba? Sannu da ƙoƙari, Malam Musu. A Jamus da Amurka akwai masu zuba dubban daloli a kan kofin shayi guda don kawai an ce musu Hitler ya taɓa kurɓa a ciki. Inda kuɗi ya taru kuwa, ɗan damfara ba ya jiran goron gayyata.

Kai kuma mai tafa hannu kana cewa ai duk ƙarya ce, dakata, ba ka fi shi gaskiya ba. Na ainihin suna nan. Akwai masana'antar Allach a gefen birnin Munik, wadda rundunar SS ta Himmler ta karɓe a 1936, daga baya ta koma tilasta wa fursunonin sansanin Dachau aiki, har ta rufe a 1945. Duk mai marmarin ajiye kayanta a kabet ya san hannun da ya murza su. Haka kuma gidan Hitler na kan dutse, Berghof: jiragen Ingila sun yi masa ruwan bama-bamai ran 25 ga Afrilu 1945, farkon Mayu sojojin Amurka da na Faransa suka shiga, kowa ya cika jakarsa da cokula da faranti. Wannan ya faru. Sai dai in ka dubi yawan kwanukan da ake cewa daga can suka fito, ka rantse mutumin nan shi ke ciyar da jihar Bavariya kaf safe da yamma.

Dillali zai so ka tsaya kallon mikiyar gwamnatin Hitler da ke fuskar farantin. Kai dai kifa shi. Tambarin masana'anta yana gindi, kuma a kayan kirki da yawa, irin su Meissen mai takubba biyu a gicciye, ana zana shi ne kafin a shafa ruwan ƙyalli a gasa, don haka yana ƙarƙashin santsin, farce ba ya kama shi. Yanzu juyo fuskar ka shafa mikiyar da ɗan yatsa. In ka ji bakinta ya ɗan taso, ko ka ga wuƙa ta kakkarce farantin ko'ina amma ta yi wa tsuntsuwar kara, to fara ƙirga kuɗinka kana mayarwa aljihu. Dabarar ba ta da wuya: a sayo tsohon farin faranti na shekarun 1930 da araha a kasuwar gwanjo, a manna masa hoto, a ɗan gasa. Farantin dattijo ne, tambarinsa gaskiya ne, mikiyar ce jaririya.

Wasu ma ba sa wahalar da kansu haka. Gindin da aka rubuta wa "US Zone" bayan yaƙi aka yi shi, tsakanin 1945 da 1949. Mai "West Germany" kuwa ya zo duniya Hitler ya daɗe da zama ƙasa. Kai ma Alhaji, da kake gyara zama kana shirin ba mu labarin butar shayin da kaka ya ƙwato daga hannun Japanawa a yaƙin Bama, leƙa ƙasanta. In ka ga "Made in Occupied Japan", sai a 1947 aka fara buga wannan rubutu. Kaka ya yi yaƙi, ba mai ja, amma butar dai saye aka yi.

Na ji wani daga baya yana cewa, to in akwai takardar shaida fa? Madalla da takarda! Konrad Kujau ma da takarda ya fara. Yana sayar da kayan yaƙi a Stuttgart, yana haɗa su da wasiƙun shaida da ya rubuta da hannunsa. Da abin ya yi masa daɗi sai ya rubuta wa Hitler littattafan sirri wajen 60, mujallar Stern ta biya mak miliyan 9.3 na kuɗin Jamus, ta shelanta wa duniya a 1983. Masana rubutun hannu sun gwada, suka ce daidai ne, ashe cikin samfurin da suka gwada da shi har da wanda Kujau ɗin ya rubuta. A bangon littattafan ma FH ya manna a maimakon AH, haruffan farkon sunan Hitler. Ba a yi mako biyu ba masu binciken takarda suka gano sinadarin da babu shi a zamanin yaƙi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kuɗin sun riga sun shige.

Ku da kuka zauna gaban malamai kun san hadisi ba ya tsayawa sai da isnadi, wane daga wane. Faranti ma haka. Wane soja ne ya ɗauko? Wace runduna yake? Rundunar ta taka Berghof a Mayun 1945? Akwai wasiƙar da ya aika gida, ko hoto, ko takardar izinin ɗaukar ganima da hafsan sojan Amurka kan sa wa hannu? Bayan ya mutu wa ya gada, wa ya sayar? "Wani tsohon soja" ba suna ba ne, "wata bazawara a ƙauye" ba adireshi ba ne.

Har yanzu kana musu? Shi ke nan. Ranar da dillali ya tare ka, ce masa ya rubuta sunan sojan da rundunarsa, ya sa hannu cewa zai mayar maka da kuɗinka in masana suka ƙaryata. Sai ka dawo ka gaya mana minti nawa ya yi kafin ya tuna jirginsa zai tashi.