Wasiƙa Zuwa Ga Amoksisilin

Malam Amoksisilin,

Ya gajiya? Na san akwai ta. Tun 1972 da kamfanin Beecham na Ingila ya fito da kai kasuwa, kai jikan Fenisilin ɗin da Alexander Fleming ya gano a 1928, ba a bar ka ka huta ba.

Sana'arka ɗaya ce. Ƙwayar bakteriya tana kewaye kanta da katanga, kuma duk sanda za ta rabu biyu sai ta yi sabon gini. Kai kuwa sai ka riƙe hannun maginin, katanga ta tashi da ɓaraka, ruwa ya kwararo ciki, ƙwayar ta fashe. Jikinmu ba shi da irin wannan katanga, shi ya sa kake ƙyale mu. Bairos ɗin mura ma ba shi da ita, haka ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. To me ya kai ka can?

Mu muka kai ka. Ga ka nan a farantin mai talla a tasha, rana tana gasa ka, ana cewa "a ba ni guda biyu". Wani ya ɓare kafsonka mai miligiram 500 ya barbaɗa a gyambo. Garin sirof ɗinka kuwa, da aka ce a zuba masa dafaffen ruwan da ya huce iya layin kwalba, a girgiza, a zubar da saura bayan sati ɗaya zuwa biyu, sai a ajiye rabi saman durowa wai ko ƙanin yaron zai yi tari. Wadda ta fi burge ni a danginka ita ce ƙwayar nan mai miligiram 250 da ke narkewa a ɗan ruwa ko nonon uwa, wadda ake bai wa yara masu ciwon huhu. Ba ruwanta da firij.

Kai ma ba kanwar lasa ba ne. Kakan haɗa da bakteriya masu amfani na hanji, sai zawo da tashin zuciya. Wani ka fesa masa ƙuraje. Wanda jininsa bai karɓe ka ba kuwa, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, wannan sai asibiti a guje.

Damuwata ita ce bakteriyar da ta sha ɗan kaɗan ta tsira. Wasu sun riga sun iya yin sinadarin da ke karya ka, har sai an haɗa ka da kilabulanik asid kafin ka yi tasiri.

Don Allah ka daina amsa kiran kowa. Wanda bai zo da takardar likita ba, ka yi zamanka a kanta.

Naka,
Mai tsoron ranar da za ka gaza.