Alhaji, Ɗanka Aji Nawa Yake?

Kafin ka murtuke fuska, Alhaji, tambaya ɗaya ce tak, kuma ba ta kuɗi ba ce. Yaron nan naka da ya bar firamare bana, wa ye malamin ajinsu? Na ga ka fara shafa gemu. To bari in sauƙaƙa maka. Buhu nawa na yuriya ka zuba wa shinkafarka ta bayan kanal? Ka gani! Wannan ko daga barci aka tashe ka sai ka faɗa, har da ranar da ka zuba da sunan wanda ya ba ka bashin. Yaro kuwa, "yana dai zuwa bokon nan."

Makarantarmu ta raba takarda, ta ce iyayen 'yan aji ɗaya su zo ranar Asabar a gaisa, a faɗa musu abin da ƙaramar sakandare take so a wurinsu, su ma su faɗi abin da suke so a wurinta. Na san inda takardun suka kwana. Wata an ƙunshe ƙosai da ita, wata tana aljihun wandon yunifom, an wanke su tare. Bara da muka kira irin wannan taro, waɗanda suka zo ba su cika benci biyu ba, ɗaya daga cikinsu ma ya ɗauka rabon taki ake yi. Da ya ji maganar littattafai ce, nan take ya tuna ya baro injin ban-ruwa a kunne.

Duk abin da kuke faɗa a teburin mai shayi ina ji, don ni ma nan nake shan nawa. Kun ce shekara shida yaro ya yi a firamare ba wanda ya kira ku taro, yanzu me ya canja, ko rufin aji ne ya yaye ake neman wanda zai biya?

Abin da ya canja ku kuka fi ni saninsa, don ku ne masu dashe. Irin tumatir yana zaune lafiya a inda aka yafa shi, ga ciyawa an rufa masa, ga ruwa safe da yamma. Ranar da aka cire shi zuwa kwami, ba a yi da tsakar rana, sai da la'asar, a bi shi da ruwa nan take. Kwanakin farko duk ya yi laushi kamar ba zai tashi ba, kuma a kwanakin nan babu manomin Kadawa da zai tafi ɗaurin aure Zariya ya kwana, ko da Zagezagin sun yi alkawarin ba shi abinci, abin da dama ba a saba gani ba. To ɗan aji ɗaya dashe ne. A firamare malami ɗaya ke riƙe da shi, a unguwarku, ya san gidanku, ya san ranar da ba a hura wuta ba. A sakandare darussa sun haura goma, kusan kowanne da malaminsa, a buga ƙararrawa wannan ya fita wancan ya shigo, kowa ya cika allo da rubutu ya ce a kwafa. Littattafai da takardun jarrabawa da Turanci suke, in ban da na Hausa da Larabci, alhali yaron har jiya da Hausa ake fassara masa komai. Wani sai ya taka keke zuwa wani gari. Ga manyan ɗalibai, ga firifet a bakin ƙofa yana jiran 'yan latti. A cikin malaman nan goma da wani abu, mutum ɗaya ne aka ɗora wa sanin ko ɗanka ya zo ko bai zo ba, shi ne fom masta, mai kiran suna a rajista. Shi na tambaye ka ɗazu kake shafa gemu.

Sai ka ce ai yaron yana da ƙwaƙwalwa, ranar jarrabawa zai zauna ya rubuta. Nan ne kuke faɗawa rami, ku da 'ya'yan naku. Makin sakandare ba rana ɗaya ake auna shi ba kamar buhu a kan sikeli. Kashi 30 ko 40 cikin 100, gwargwadon tsarin makaranta, tun cikin zango ake tara shi, daga gwaje-gwajen aji da jingar da ake ba su su yi a gida. Wanda ba ya nan ranar gwaji, gurbinsa fayau yake zama a takarda. Ya zo ƙarshen zango ya zuba ƙwaƙwalwar tasa duka, sai ka ga sakamako ya fito kamar shinkafar da jan-baki ya rigaya ya ziyarta.

Yanzu ɗauko kalandar makaranta ka ɗora a kan ta gona, ka ga yadda suke karo kamar raguna. Zango na ɗaya yana farawa wajen Satumba, kafin a yi nisa shinkafar damina ta fitar da kai, ana neman mai korar tsuntsu daga asuba, daga nan sai yanka da casa. Zango na biyu, daga Janairu, ya faɗo daidai tsinkar tumatir, lokacin da motoci ke layi a Kwanar Gafan, yaro kuma ya gano cewa a yini ɗaya zai iya samun abin da malaminsa zai yi sha'awa. Kafin a rufe, alkama ta isa yanka. Zango na uku kuwa ruwa ya sauka, ana dashen shinkafa. A wasu garuruwan yaro damina kawai yake ɓata, rani ya huta ya yi karatu. Mu nan tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, ruwa ya biyo kanal ya iso Kura da Bunkure da Garun Malam, gona ba ta da hutu, saboda haka ɗan manomi ma ba shi da shi. Alherin da ya cika mana rumbu shi ne yake kwashe mana aji.

Ban ce kada yaro ya je gona ba, kada a kai ni gaban mai gari. Ni kaina da kuɗin albasa na sayi keken da na yi sakandare da shi. Abin da nake cewa, akwai yammaci, akwai Asabar da Lahadi, akwai hutu. In kuma aiki ya matse ƙwarai, ka zo ka tambayi fom masta wane mako ne na gwaji, ka ɗauki ɗan ƙwadago a makon. Kuɗin ɗan ƙwadago na kwana biyar bai kai kuɗin maimaita aji ba. Amma yaya za ka tambayi mutumin da ko a kasuwa kuka haɗu ba za ka gane shi ba?

Na hango Malam na can ƙarshen benci yana murmushin mugunta, na san abin da zai jefo. Zai ce wace makarantar? Wadda yara ke zaune a ƙasa, aji ɗaya kamar kasuwar Laraba, malamin lissafi shi ne na kimiyya shi ne na wasanni? Malam, ban musa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa a cikin ɗakin nake kwana. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. A 2019 gwamnatin Ganduje ta sake shelar kyauta kuma dole a Kano. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma ba a ayyana ta-ɓaci a inda lafiya lau. Duk wannan sakin ruwa ne daga Tiga. Ku da ke wutsiyar kanal kun san tazarar da ke tsakanin "an saki ruwa" da "ruwa ya shigo gonata". Idan kacala ta toshe hanya, ba ku zama jiran ma'aikatan Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are su zo da lauje. Ƙungiyar masu shan ruwa kuke kira, a yi gayya, a yashe, wanda ya ƙi fitowa a ci shi tara. Na taɓa ganin dattijo da tocila ƙarfe biyun dare yana gadin layin ruwansa, sanda a hannu. Makaranta ma tana da irin wannan ƙungiya, kwamitin iyaye da malamai, da kwamitin gari mai sa ido a kan makaranta. Malamin da ya san iyaye goma za su tambayi dalilin da bai shiga aji ranar Talata ba, Talatarsa daban take da ta wanda ya san babu mai tambaya. Wannan sirrinmu ne na faɗa muku, abokan aikina su yafe ni.

To, ga babbar sandar taku, wadda kuke ajiyewa sai ƙarshe: masu digiri ma ga su nan suna lodin kwando, me aji uku zai tsinana? Ni ban yi wa kowa alkawarin ofis da fanka ba. Amma ɗauko robar maganin feshin da ka saya jiya ka karanta mini abin da aka rubuta a bayanta. Mililita nawa a lita nawa? Kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a tsinka? A 2016, da tsutsa ta cinye tumatirin Kadawa har farashi ya haukace a Legas, mutane nawa ne suka riƙa ninka magani da murfin roba, suna ƙona kuɗi da ganye tare? Lissafin kaso da awo da ake koyarwa a aji ɗaya da aji biyu ke nan, ba wani abu ba. Kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ɗin da kilo ya riƙa awo, da takarda ya riƙa biya. Injinan shinkafar Kura ma yanzu ta waya kuɗi ke shigowa. Wanda zai karanta maka saƙon banki, gara ɗanka ne da ɗan dillali. Wanda kuma Allah ya buɗa wa kai, daga aji uku ne ake zana jarrabawar BECE, daga nan kuma ake neman shiga makarantun kimiyya irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda tun 1977 suke fitar da likitoci da injiniyoyi, da yawansu 'ya'yan manoma. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, tun aji ɗaya ake fara fafar.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, wannan taron da kuke gudu al'adarku ce aka ara. Wa ya taɓa tura yaro makarantar allo da takarda a aljihu? Hannunsa kake kamawa, ka kai shi gaban alaramma, ka durƙusa, ka ce ga amana. Kowace Laraba kana tunawa da malamin. Kakanninmu na Kura, masu turkuɗin da Buzaye ke nema har Agadas, in za su ba da yaro koyon rini a karofi ko bugu, da goro suke zuwa, a yi magana baki da baki, maigida ya faɗi sharuɗɗansa, uba ya faɗi halin ɗansa. Malamin boko ne kaɗai ake aiko wa yaro kamar saƙon tasha, babu ko "a gaishe shi".

Hajiya, kada ki ɓoye dariya a mayafi, na zo kanki. Kin ce ke ba ruwanki, maganar maza ce. Wa ke tashin 'yarki da asuba? Wa ke cewa ta tsaya ta juya shanyar shinkafar da aka turara kafin ta tafi, har rana ta take, ta isa an rufe ƙofa? Kin ce shekara biyu za ta yi a ɗauke ta, to me ya sa za a wahalar da ita. Wannan magana ce mai tsawo, ba zan ƙare ta a tsaye a zaure ba. Amma ki zo ki ga wurin da kike tura ta kullum. Ki tambaya ko akwai malama mace da yarinya za ta iya yi wa magana in wani abu ya same ta. Ki ce a nuna miki ban-ɗakin 'yan mata, ki leƙa da idonki, kada ki yarda da "yana can baya". Ki tambayi ƙarfe nawa ake tashi, don ki san lokacin da ya kamata ki ji sallamarta. Waɗannan tambayoyin maza ba sa tunawa da su, shugaban makaranta kuma ya fi jin kunyar su daga bakin uwa.

Abin da za mu roƙe ku ranar ba shi da yawa. Littafin rubutu na kowane darasi daban, don yaron da ya haɗa Hausa da lissafi da aikin gona a littafi ɗaya ya dama fura da miya. Wani abu a ciki kafin ya fito. Fitila da rabin awa da dare ba tare da aike ba. Sai lambar wayarka, wadda ke shiga, ba wadda ka ba mai bin ka bashin taki ba. In zango ya ƙare kuma ka karɓi takardar sakamako da hannunka. Ko ba ka karanta boko ba, ka san jan biro, ka kuma san bambancin 17 da 71, tunda ba a taɓa cutarka da su a Kwanar Gafan ba.

Asabar ce, ƙarfe goma, bayan an gama ban-ruwan safe, don da gangan muka zaɓi lokacin. Alhaji na ji kana tambayar ko akwai kuɗin zama. Babu. Lemo ma babu, akwai dai randa a gindin darbejiya, da moɗa ɗaya. Wanda ke da tabarma ya taho da ita, don bencin namu, kamar yadda Malam ya riga ya tona, ba su da yawa. Injin kuma a kashe shi tun daga gona.