Ranka Ya Daɗe, Tamfol, Magajin Gidajen Arewa

Allah ya ja zamanin Tamfol, fari mai ratsin shuɗi, rufin da ba ya neman azara, gidan da ake naɗewa a saɓa a kafaɗa! Mita huɗu faɗinka, mita shida tsawonka, amma kana ɗaukar magidanci da iyalinsa da tsohuwar da ta haife shi, har da akuyar da ruwa ya bari, ba a taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Maginan Arewa sun gaji kwaɓa ƙasa daga kakanni, su yi tubali, su jira ya bushe, su jera, su yaɓe, wata biyu ɗaki ɗaya bai tsaya ba. Kai kuwa tsakanin azahar da la'asar an kafa ka, an ɗauke ka hoto, baƙi sun kama hanyar Yamai. Wane gwanin gini ne ya taɓa gama aiki kafin shayin masu kallo ya huce?

Dole a tausaya wa mutanen da. A 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Lugu, garin Sarauniya, babu wanda ya zo da takardar rajista, babu wanda ya tambaye su lambar waya. Haka bayin Allah nan suka koma suka sake gina garinsu da gayya, da kara da itacen dajinsu, cikin jahilcin rashin sanin cewa ana iya zama a jira. Jikokinsu na Dogondutsi da Tibiri, da Matankari da Kiyeshe da Kore Mairuwa, su ne Allah ya nufa da ganin zamanin wayewa, zamanin da gida ke faɗuwa a watan Agusta, ta'aziyyarsa ta iso da mota fara mai tuta bayan an cire hatsi.

Wannan haƙuri naka shi ne farkon abin yabo. Kowa a Arewa ya san hanyar ruwa. Dallol Mauri tsohon kwari ne, tuddai sun tsaya a gefensa, kuma idan sama ta zuba a kan dutsen da ya ba Dogondutsi suna, ƙoramu ne ke kwaso ruwan da yashi su gangaro ta cikin unguwanni zuwa Tapkin Saw. An ga ambaliya a Nijar a 2012, an gani a 2020, an gani a 2022. A watan Afrilun 2024 masana yanayi na yankin, da cibiyar Agrhymet ta Yamai a cikinsu, suka sanar da cewa damina mai zuwa za ta fi ta kullum ruwa. Wani mai gaggawa, marar tarbiyya, da sai ya kwashi kaya tun watan Mayu ya jibge su a Dogondutsi, ya sa a yashe magudanai, ya tashi mutanen bakin ƙorama. Kai ba haka aka rene ka ba. Ɗan babban gida ba ya riga masifa shiga gari. Kana barinta ta zauna, ta ci, ta sha, ta wanke hannu, sannan ka yi sallama. Wannan ita ce kunya, kuma a bakin magabata ba a rasa yabon mai kunya ba.

Sai fadawanka, waɗanda ke riga ka isowa. Babbansu Ƙidaya ne, sarkin alƙalami, wanda ba ya barin gawa ko rumbu su wuce ba lamba. Daminar 2024 ta ci rai 396 a faɗin ƙasa, ta taɓa mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi, kuma duk an rubuta. Ina ƙasar da ta taɓa sanin asararta da kyau haka? Ayari na farko ya zo ya ƙidaya ɗakunan da suka faɗi. Na biyu ya zo ya tabbatar da ƙidayar na farko. Na uku ya zo da ƙaramar na'ura ya tambayi matar gida sau nawa suka ci abinci cikin kwana bakwai, ta ba shi amsa, ya danna, ya yi godiya cikin ladabi. Ba ƙaramar karramawa ba ce a tambayi mai jin yunwa labarin yunwarsa sau uku. Attajirai ma ba a bibiyar cikinsu haka. Idan kuma ranar rabo ta zo aka ga sunan wani ya ɓace daga takarda, na wani da bangonsa ko tsagewa bai yi ba ya bayyana, to ai wannan karamar takarda ce: tana da rai, tana haihuwa, tana kuma sanin dangi.

Ga ilimin lissafi da ke tafe da kai, wanda ya kamata a koyar a lakwal. Masana agaji na duniya, a littafinsu na Sphere, sun yanke cewa mutum guda na buƙatar rufaffen wuri na murabba'in mita uku da rabi. Masu tsara agaji a Nijar kuma sun saba ɗaukar kowane gida a matsayin mutum bakwai. Bakwai sau uku da rabi, 24 da rabi. Kai kuwa, ranka ya daɗe, idan an shimfiɗa ka ƙasa ba a lanƙwasa ko kusurwa ba, 24 cif. Rabin murabba'in mita kaɗai ya rage tsakaninka da kamala, kuma jariri ai a bayan uwarsa yake kwana. Gidan da ya kai mutum goma sha biyar, mai mata biyu da surukai da 'ya'yan ƙanin da ya tafi ci-rani Legas, shi ya saɓa wa lissafi. A ƙarƙashinka kishiyoyi suka koyi kwana kafaɗa da kafaɗa, suruki da surukarsa suka daina wahalar kauce wa juna, budurwa ta daina ɓata lokaci wajen neman inda za ta sake zane. Malamai sun yi shekaru suna wa'azin haɗin kan iyali, kai ka gama shi da igiya da ƙusa.

Ba a manta da alherinka ga ilimi ba. A 2024 an ɗaga komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, domin azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma waɗanda ruwa ya kora ne ke kwana a ciki. Iyayen da ba su taɓa zama a aji ba sun samu makonni suna kwana gaban allo. Da lokacin ɗalibai ya yi, aka roƙe su su ba da wuri, kuma wa ya karɓe su a fili in ba kai ba?

Kana da adalci, ba ka bambanta wanda ruwa ya kora da wanda bindiga ta kora. Mutanen karkarar Dogonkiriya da Sukukutan, da na ƙauyukan kan iyaka da Sakkwato da Kabi, inda sunan Lakurawa ya shiga bakin yara, sun san masu zuwa kan babura su karɓi abin da suke kira zakka, su kora shanu, su ba gari wa'adi. Wanda ya tsere da tabarma da tukunya yakan sauka gidan ɗan'uwa ko abokin kasuwa, a raba masa ɗaki, a raba tiyar hatsi biyu. Nan ma tsarin agaji ya nuna zurfin tarbiyya. Ya san mai masaukin baƙi mutum ne mai mutunci, kuma cin fuska ne a miƙa wa mai mutunci buhu. Saboda haka a kan bar shi da ladarsa cikakkiya, ba a rage masa ko ƙwaya ba, har rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara, shi ma ya cancanci shiga takarda. Ta haka ake faɗaɗa rajista ba tare da an zalunci kowa ba.

Kada wani ya ce ƙasar nan ba ta iya gina matsuguni mai ɗorewa ba. Ga bututun mai nan, kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, ya ratsa jihar Doso, ƙarfe ne mai kauri, an binne shi da kyau, ruwa ba ya jiƙa abin da ke cikinsa, rana ba ta taɓa shi. Ɗanyen mai baƙo ne mai daraja, ana jiransa a ƙasashen waje, bai dace ya kwana a fili ba. Ɗan Adam kuwa an halicce shi da fata mai jure zafi da sanyi, kuma ba a sayensa da dala.

Ta fuskar doka ma babu mai kama ƙafarmu. A 2009 ƙasashen Afirka suka amince da yarjejeniyar Kampala kan waɗanda aka raba da gidajensu a cikin ƙasarsu, kuma a Disamban 2018 Nijar ta zama ta farko a nahiyar da ta mayar da yarjejeniyar dokar ƙasarta. Doka ce mai kyau ƙwarai, ta yi maganar kariya, ta yi maganar taimako, ta yi maganar mafita mai ɗorewa. Kuma an adana ta yadda ya kamata, a ofis mai rufin kankare, inda ɗigon ruwa bai taɓa sauka a kanta ba. Matar da ke tare yoyo da kwano a tsakar dare tana iya kwantar da hankalinta, haƙƙinta a bushe yake.

Shekarun nan kuma manya na gida da na waje sun haɗu a kan girmama talaka ta wata sabuwar hanya. A Nuwamban 2024 hukuma ta janye izinin aiki na ƙungiyoyin Acted da APBE. A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da mafi yawan agajinta na ƙetare. A Fabrairu aka umarci kwamitin ƙasa da ƙasa na Kuros Ruj ya tattara ya bar ƙasar. Amurka ta yi don tattali, hukumar gida ta yi don 'yancin kai, kuma dukansu manufofi ne masu tsada da ba kowa ke samun damar biyan kuɗinsu ba. An zaɓi mai kwana a fili ya biya, domin shi ne ya fi kowa saba wa sadaukarwa. An kuɓutar da shi daga ƙasƙancin miƙa hannu. Yanzu idan ya miƙa, iska mai 'yanci yake damƙowa. An kuma rage kuɗin siminti da kusan kashi 35 cikin ɗari bayan ambaliyar 2024, albishir mai sanyaya rai ga wanda gonarsa ta nutse, rumbunsa ya narke, ya sayar da tunkiyar ƙarshe ya sayi hatsi. Simintin da ba zai iya saye ba ya yi araha, kuma ko a mafarki gara a yi gini da rangwame.

Masu hassada suna cewa ba ka daɗewa, Tamfol. Suna cewa hunturu na kaɗa ka har ka yage, ranar Afrilu mai wuce digiri 40 na mai da cikinka tanda, kuma kafin wata damina ka zama tsumma. Ba su fahimci sarauta ba. Sarkin da ya ƙi mutuwa ya hana magaji gado. Da kana shekara ashirin, ina za a samu dalilin sabon ƙiyasi, da sabon furoje, da taron ƙara wa juna sani a ɗakin otel mai sanyi, inda ake nazarin juriyar talaka tsakanin kofi na safe da kaza ta rana, a sa hannu a karɓi kuɗin zama? Gidaje nawa ne a Yamai suka samu bene saboda kai ka ƙi zama gida? Ka rufe mutum bakwai wata shida, ka rufe wani guda ɗaya har jikokinsa. Suna kuma cewa ana ganinka a kasuwa kwana biyu bayan rabo, an sayar da kai an auno hatsi. To wane gidan siminti ne aka taɓa tuƙa tuwo da shi?

Gaskiya kana da abokan gaba, kuma wajibi ne masoyanka su san su. Akwai duwatsun da ake jerawa a hanyar ƙorama, wasu a cikin ragar waya, su rage wa ruwa gudu kafin ya iso gari, irin aikin da mutanen Dogondutsi suka yi shekaru suna yi da abokansu na garin Orsay na Faransa. Akwai ramukan rabin-wata da ake haƙawa a kan fako don ƙasa ta sha ruwan tun a tudu. Akwai maginin da ya san a ɗaga tushe da dutse, a yi wa katanga gindi mai ƙarfi, a ba indararo tsawo. Akwai mai cewa a ba mutane fili a kan tudu da takarda a hannu, da rijiya kusa, tun kafin hadari ya haɗu. Duk waɗannan mutane ne masu hatsari. Aikinsu ba shi da kyau a hoto, dutse ba ya karɓar tambarin mai bayarwa, kuma gidan da bai faɗi ba ba a iya ƙidaya shi, ba a yi masa biki, gwamna ba ya zuwa duba shi. Idan aka biye musu, wata rana sai a yi ruwa kwana uku a Arewa a wayi gari babu abin rubutawa a rahoto.

Alhamdu lillahi, ba a biye musu sosai ba. Da rani ya shigo za ka ga magidanta a bakin ƙorama, a kan tushen da ya ci amanarsu bara, suna kwaɓa ƙasar bangon da ya faɗi suna sake yin tubali da ita, domin nan ne kaɗai filin da suka mallaka, kuma babu wanda ya yi musu katsalandan da wani. Masu ɗinka ka a masana'antun ƙetare su ci gaba da aiki da kwanciyar rai, kada su rage ma'aikaci ko ɗaya.