Manhajar da Ta Manta da Baba

Ƙanena da ya karanta kimiyyar kwamfuta ya shafe wata uku yana haɗa manhajar waya da za ta taimaki ɗalibai wajen zaɓen kwas a jami'a. Kana buɗewa za ta tambaye ka makin da ka ci a JAMB cikin 400, da darussa huɗun da ka rubuta, da sakamakon WAEC ko NECO, sannan abin da ranka ke so. Sai ta auna, ta ba ka shawara.

Muka gwada ta a kan 'yar yayanmu. Yarinyar nan ko kaza ake yankawa sai ta bar gidan, amma ba ta littafin tarihi ka gani, har tuwo ya huce ba ta ɗago kai ba. Manhaja ta ce Tarihi ko Aikin Jarida.

Uban ya karɓi wayar, ya gyara tabarau, ya duba sama da ƙasa. "Ina wurin da uba ke sa nasa?"

Babu.

"To ku gaya wa na'urar nan, tun ranar suna ake kiran yarinyar nan Dakta. Hajiya ma ta gama sanar da unguwa."

Ƙanena ya ce, "Yaya, ai lissafi ne." Aka tambaye shi ko lissafin ne zai biya kuɗin makaranta.

Yanzu ya sake fasali. Shafin farko tambaya ɗaya ce: me Baba ya ce? In ka rubuta "likita", sai manhajar ta yi maka addu'a ta rufe kanta. Mai son saukewa, kyauta ce.