Rabe-raben Masu Shirya Tsohuwar Mota Domin Ƙaura daga Ikko zuwa Kano

Ƙaura da tsohuwar mota ta sha bamban da zuwa ganin gida lokacin Sallah, domin mai zuwa Sallah jaka yake ɗauka da tsaraba, yana kuma da niyyar dawowa, amma mai ƙaura yakan ɗora wa mota duk abin da ya tara a shekarun zamansa a kudu, sannan ya nemi ta yi cikin kwana ɗaya ko biyu abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta shigo hannunsa. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na ma'aikacin da ya yi ritaya, ko ɗan kasuwar da ya gaji da zaman Agege ko Idi-Araba, ya ƙudura komawa Kano, tafiyar wajen kilomita 1,000 idan aka bi ta Ibadan da Ilorin aka haye kogin Kwara a gadar Jebba. Abin da ake nufi da tsohuwar mota a nan shi ne wadda ta haura shekara 20 a kan titi, ko dai Peugeot 504 daga cikin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, ko kuwa Golf ko Honda 'yar Kwatano, wato wadda ta gama aikinta a Turai aka shigo da ita ta tashar jiragen ruwan Jamhuriyar Benin domin ta ci gaba da bauta. Irin wannan mota ba mutum ɗaya ke shirya ta ba. Taron jama'a ne ke shirya ta, kuma kowannensu yana da abin da ya dame shi, wanda sau da yawa ba lafiyar motar ba ne.

Masu motar kansu sun kasu gida biyu manya. Na farko shi ne mai tawakkali, wanda hujjarsa ita ce motar ba ta taɓa ba shi kunya ba, ko da yake tafiya mafi tsawo da ta yi a shekara biyar ita ce daga gida zuwa kasuwar Mile 12. Shirinsa bai wuce wanki ba, da sabunta rubutun addu'a a gilashin baya, da ba almajirai sadaka, waɗanda duk abubuwa ne masu kyau amma babu wanda ke hana lagireto yoyo. Lagireto shi ne tankin da ke gaban inji, mai siraran bututu, inda iska ke sanyaya ruwan da ya zagaya inji ya kwaso zafi, kuma a motar da aka shekara ana ɗura wa ruwan rijiya, tsatsa ta riga ta toshe yawancin bututun. Mai tawakkali ya san allurar zafi takan ɗan hau idan an daɗe cikin cunkoso, sai dai ya magance matsalar tuntuni ta hanyar daina kallon allurar. Idan aka tuna masa cewa malamai ma sun ce a ɗaure raƙumi kafin a dogara, yakan amsa cewa ai motarsa ba ta guduwa.

Kishiyarsa shi ne mai waswasi, kuma shi ya fi cancantar a tausaya masa, domin ya fi kowa kashe kuɗi, ya kuma fi kowa kwana a hanya. Wannan mutum, saura kwana uku a tashi, sai ya yanke shawarar a sauke inji gaba ɗaya a canza ringi da gasket, ba don ya ji wani ciwo a jikin motar ba, sai don kada wani abu ya faru. Injin da aka buɗe aka mayar yana bukatar a tafiyar da shi sannu a hankali na wani lokaci, a sake duba notuna, a ga inda mai ke tsattsafowa, amma mai waswasi zai karɓi motarsa ne da magaribar jajibirin tafiya, tare da leda ɗauke da notuna huɗu waɗanda aka tabbatar masa cewa masu ƙera motar sun sa su ne don ado. Shi ne wanda Hausawa suka yi wa karin maganar garin gyaran gira a rasa ido. Abin mamaki game da shi kuwa, duk da wannan ɗawainiya, bai tambayi shekarun bel ɗin taimin ba, wato robar da ke daidaita motsin bawul da fistin a motoci irin su Golf da Honda, wadda idan ta tsinke ana cikin gudu takan sa ƙarafan cikin inji su yi karo da juna, aikin ya koma na sayen wani injin.

Daga masu mota sai bakanike, kuma wanda ya fi yawa a wannan fage shi ne mai binciken kunne. Ba ya amfani da na'ura, ba ya kuma tambayar tarihin mota. Yakan sa a buɗe bonet, ya sa yaronsa ya taka totur har maƙwabta su leƙo, ya karkata kai ya lumshe ido, sannan ya yanke hukunci: "Ranka ya daɗe, wannan motar ko Agadas aka ce ta je, za ta je ta dawo." Yana da aƙida guda da ba ya sassautawa a kanta, ita ce cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa cikin inji har sai ya kai zafin da ya dace kafin ya sake shi zuwa lagireto. A ra'ayinsa Turawa sun sa shi ne saboda ƙanƙarar ƙasarsu, alhali cire shi ba ya wanke lagireton da ya toshe, sai dai ya sa inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai. Gwanintarsa ta gaskiya tana wajen dabarun fita kunya: garin rogo ko ɗanyen ƙwai a lagireto domin toshe huda, sabulu a tankin mai da ke ɗiga, waya a madadin fiyus da ya ƙone. Waɗannan dabaru suna iya kai mutum gari na gaba, kuma da a nan aka bar su da babu laifi, amma shi yakan yi su ne a gareji, da rana tsaka, kwana biyu kafin tafiya, ya kuma karɓi kuɗin cikakken gyara.

Mai sayar da kayan gyara, ko a Ladipo ta Ikko ko a Panteka ta Kaduna ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, masanin falsafa ne wanda ya raba kowane ƙarfe gida uku: akwai orijinal, akwai ɗan Beljiyam, wato wanda aka ciro daga wata mota a Turai, akwai kuma wanda yake kira "shi ma yana yi". Wanne ne ya fi inganci ya danganta ne da wanda ke shagonsa a ranar. Ɗan'uwansa mai tsofaffin tayoyi ya fi shi haɗari, domin abin da yake nuna wa mai saye shi ne zurfin zane, alhali roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, ta yadda 2316 ke nufin mako na 23 na shekarar 2016, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin cewa taya ta gama wa'adinta bayan shekara huɗu. Mai tayoyi ya san wurin da lambobin suke, shi ya sa a nan ne yake dafa hannunsa yayin da ake ciniki. Daga gare shi taya za ta wuce wurin mai faci, wanda ke auna iska da bugun sufana da sauraren amo, yana kuma ƙara kaɗan "saboda kaya", ba tare da ya duba takardar ma'aunin da masu ƙera mota suka manna a jikin ƙofa ba. Tsohuwar taya mai iska fiye da kima, a kan kwaltar watan Afrilu lokacin da zafin arewa ke haura digiri 40, ba ta bukatar ƙusa kafin ta yi bindiga.

Duk wannan kuwa kafin a zo kan lodi ne, inda iko ke barin hannun maigida. Uwargida tana da ƙa'ida cewa abin da ya yi shekara 25 yana hidima ba a barinsa a ƙasar wasu, saboda haka turmi da taɓarya, da dutsen niƙa, da tukwanen suna, da kwanukan da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba tun ranar da aka kawo ta, duk 'yan tafiya ne. Idan maigida ya nuna cewa akwai turmi a Kano, amsar ita ce: "Alhaji, wancan ai ba nawa ba ne." Ba ita kaɗai ke da alhakin durƙushewar motar ba. Akwai ɗan saƙo, maƙwabcin da yakan bayyana bayan an gama ɗaure kaya, yana cewa ɗan abu ne kaɗan za a miƙa wa tsohuwarsa a Zariya, sai a ga yara biyu sun biyo shi da buhun garin kwaki da jarkar manja. Ba a iya ce masa a'a, domin ya yi wa maigida rakiyar jana'iza sau biyu. Sakamakon shi ne shokozoba, wato abin da ke shanye girgizar ramuka, ta kwanta, salansa ta riƙa gaisawa da kowane tudu, fitilun gaba su koma haska rassan itatuwa, birki kuma ya bukaci tazara mai tsawo kafin ya tsayar da motar. Tayar safaya da jak suna nan lafiya, amma a ƙarƙashin dutsen niƙa.

Masanin hanya yawanci dattijo ne wanda tafiyarsa ta ƙarshe ta kasance a 1991, shekarar da aka mayar da babban birnin tarayya daga Ikko zuwa Abuja, kuma tun daga lokacin taswirar da ke kansa ba ta canza ba. Zai ba da shawarar a bi ta Mokwa da Tegina da Birnin Gwari a faɗa Kaduna, ya faɗi inda ake sayar da tuwo mai kyau da sunan mai tuwon, ba tare da la'akari da cewa matsalar 'yan bindiga ta sa direbobi da yawa sun koma bi ta Bida da Suleja, ko kuma su zagaya ta Lokoja da Abuja. Lissafinsa na kuɗin mai ma tarihi ne, domin bai shigar da cire tallafin da aka sanar ranar 29 ga Mayu, 2023 ba. Ƙaninsa a sana'a shi ne mai tsoron 'yan bumburutu, wato masu sayar da fetur a galan a bakin titi, wanda maganinsa shi ne a cika jarkoki biyu a ajiye a but kusa da risho da katifa.

Mai takardu ba shi da yawan bayani. Imaninsa shi ne abin da ke tsayar da mota a hanya shinge ne, ba inji ba, don haka ya tanadi lasisi da inshora da takardar shaidar lafiyar mota, wadda aka samo ba tare da motar ta je ko'ina ba, ya kuma aro tukunyar kashe gobara daga maƙwabci, wadda babu komai a cikinta sai kyawun launi. A kusa da shi akwai dillali, wanda shawararsa tun farko ita ce a sayar da akwalar a hau motar haya, kuma abin takaicin shi ne sau da yawa shi ke da gaskiya, ko da yake ba don gaskiyar ya faɗa ba. Akwai kuma yaron gareji da ake ɗauka a matsayin kariya, wanda ke zuwa da sufana biyu da filaya, ya ci abinci a kowane zango, ya yi barci tun daga Ogbomosho, idan kuma mota ta tsaya ya fito ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, sannan ya nemi aron waya ya kira maigidansa.

Ba za a ce babu mai hankali a cikin taron ba. Akan sami wanda zai ce a wanke lagireto tun saura wata guda, a canza man birki da ya tsufa ya sha ruwa, a aika manyan kaya ta babbar mota, a yi gwajin zuwa Ibadan da dawowa, a kuma raba tafiyar kwana biyu domin kada dare ya yi a daji. Sai dai shawararsa ba ta da armashi, ba ta kuma ba kowa aikin yi, saboda haka akan gode masa a ci gaba da ɗaure katifa.

Rukuni na ƙarshe bai halarci shirin ba, amma shi ke cin gajiyarsa. Shi ne bakaniken bakin hanya, wanda ya kafa rumfarsa a Jebba ko Mokwa ko wani wuri makamancinsu, daidai nisan da ƙwai da garin rogo ke iya kai lagireto, yana kuma da aboki mai janwe, wato motar jan matattun motoci, wanda farashinsa ke hawa gwargwadon kusantowar magariba. Wannan mutum ba ya gaggawa, domin ya san mai motar ba shi da wurin zuwa. Yakan zagaya motar sau ɗaya, ya dubi turmin da ke samanta, ya leƙa inji, ya girgiza kai, kuma kafin ya taɓa ko da noti ɗaya sai ya yi tambayar da kowane bakanike ke yi game da aikin ɗan'uwansa: "Alhaji, don Allah wane ne ya yi maka wannan aikin?" Daga nan sai ya aika yaronsa a kan babur ya nemo kayan gyara, ya kuma sanar da uwargida cewa akwai ɗakin saukar baƙi a bayan masallaci, na ƙanin matarsa ne.