Ranar da Awo Ya Kwanta Ciwo

A unguwar Zongo ta Wagadugu, in ka ga mai gyaran rediyo ya yi tagumi, kada ka yi saurin zargin masu karɓar bashi. Wataƙila tsohuwar mitarsa ta awon lantarki ce ta ƙi tashi, irin Metrix ɗin nan mai allura da aka ƙera a Annecy ta Faransa, wadda ta girmi yaran shagon duka.

Wanzami dai ba ya son jarfa. Mutumin da zai farke cikin talabijin ɗinka yana taunar goro, sai ga hannunsa na rawa a kan sukurori huɗu na mitarsa. Cututtukanta kuwa sanannu ne. Batir ya kwana biyu a ciki, ya yi amai, ya cinye ƙarafan da ke riƙe shi. Ko kuma yaron shago ya bar ta a ma'aunin om ya cusa ta cikin wutar bango mai volt 220, rezisto ya ƙone ƙurmus, yaron kuma ya rantse yana masallaci a lokacin. Da hunturu abin ya fi ban haushi: bushewar iska kan sa murfin fuskarta ya tara caji in an goge shi, allura ta maƙale inda ta ga dama. Maganin shi ne a hura mata hucin baki, sai masu wucewa su ɗauka tofi ake yi.

Matsalar ita ce sau da yawa ba a gano rezisto mai ciwo sai da wata mitar. Dole maigida ya aika aron 'yar China mai lambobi wurin maƙwabcinsa, wadda jiya-jiya ya gama kira da kayan wasan yara. Bayan magariba ake aika yaron, ya sako ta cikin leda baƙa.