Laifin Sanda Ne, Ranka Ya Daɗe

Ɗan koyon golf a Jos, kafin ya iya tsayuwa daidai ya riga ya san wadda zai ɗora wa laifi: direba, doguwar sandar nan mai ƙaton kai da ake buɗe wasa da ita. Doka ta yarda a zuba sanduna 14 a jaka, amma daga Tudun Wada har filin Rayfield hirar ba ta wuce wannan guda ɗaya.

Alhaji zai sayo ta gwanjo, ya ce ta yi nauyi. Ya aika a kawo masa sabuwa daga Dubai, ya ce sandar ta cika lanƙwasa. Girman kanta kuwa ba a yarda ya haura cc 460 ba, da tuni wasu sun sa maƙera sun yi musu mai girman turmi.

Filin Rayfield tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, kuma Jos na da wata baiwa: tsayinta ya kai mita 1,200 daga teku, iska ba kauri, ƙwallo na ƙara nisa. Abin da ba a faɗa wa Alhaji ba shi ne, wadda ta kauce ma tana cin wannan moriya, ta ƙara nutsawa cikin ciyawa. Yaron da ke ɗaukar jaka ya san inda ladarsa take:

"Ranka ya daɗe, iska ce."

Mai karatu, in kana shirin sayen direba ta uku, kai kuɗin wurin mai koyarwa.